Malamin da ya ba da rana jingina a gidan giya

Ɗan Delhi:
Assalamu alaikum jama'ar gida. Admin a yi min afuwa, yau na fita daga layin adabi kaɗan. Ranar Lahadi na raka wani abokin karatuna Majnu-ka-Tilla, unguwar 'yan Tibet da ke arewacin Delhi, wai sai na ɗanɗana momo, wani abincinsu mai kama da samosa amma turarawa ake yi. Muna fitowa na tsaya a wani shago da ake sayar da zanen addinin Buddha a kan ƙyalle. Yawancinsu irin wanda kuka sani ne, Buddha a zaune ya naɗe ƙafa, ido a lumshe. Sai guda ɗaya da ya fita daban: wani baƙin ƙato mai tumbi, ido waje, furanni a ka, ba riga, ƙoƙo a hannu ɗaya, ɗayan kuma ya ɗaga yana nuna rana da yatsa kamar mai yi wa yaro kashedi. Na tambayi dattijon mai shagon ko aljani ne. Ya yi dariya har da tari, ya ce babban malaminsu ne, sunansa Virupa.

Ga labarin yadda suke ba da shi. Ɗan zuhudu ne a babban gidan zuhudu na Somapura, wanda kufansa yake Paharpur a Bangladesh ta yau. Wasu kuma sun ce a babbar makarantar Nalanda ta Indiya ne. Shekara 12 yana jan carbi yana maimaita kalmomin da malaminsa ya ba shi, ko mafarki bai yi ba. Ran nan ya fusata ya wurga carbin cikin masai. Da dare wata mace daga cikin waɗanda suke kira dakini ta dawo masa da shi, ta ce ya bar ƙirga ya dubi zuciyarsa. Ya sake shekara 12. Daga baya aka kama shi yana cin naman tattabarun gidan yana korawa da giya, aka kore shi. Ya tsallake tafkin da ke wajen yana taka ganyen bado. Da suka ga haka suka bi shi da ban haƙuri, sai ya sa aka tattaro fukafukan da ƙasusuwan, ya ƙyasta yatsa, tattabarun suka tashi sama.

Na ranar kuma: ya shiga gidan giya yana ta sha, mai giyar ta ce a biya ta. Ya ce zai biya in rana ta faɗi, sai ya nuna ranar ta tsaya cak. Kusan kwana uku ba dare, gari ya rikice, shi kuwa yana ta ɗirka. Sai da sarkin garin ya zo ya biya kuɗin sannan ya sake ta.

Su 84 ne irinsa, ana ce musu mahasiddha. Tambayata: me zai sa addinin da ya hana 'yan zuhudunsa giya da kisan ko da sauro ya rataye hoton mashayi yana girmamawa? Su waɗannan waliyyan nasu, me ake son a koya daga gare su?

Malam Mai Allo:
Wa alaikumus salam. Ɗana, kafin a je ko'ina, janye kalmar waliyyai. Waliyyi masoyin Allah ne mai imani da taƙawa, Suratu Yunus ta fayyace. Mutanen nan ko Mahalicci ba su yarda da shi ba. Ka kira su da sunan da suka kira kansu.

Ɗan Delhi:
Na janye, Malam. Rashin kalma ne ya sa. Siddha a yaren Sanskrit na nufin wanda ya cimma abin da ya nema, maha kuma babba.

Telan Fagge:
Ni dai sarkin nan nake tausayi. Wani ya sha, wani ya biya.

Baban Khalifa (admin):
An yarda a ci gaba, da sharaɗi biyu. Ba wanda ake kira zuwa addinin kowa, ba kuma zagin abin da wasu ke girmamawa. Labari muke dubawa a matsayin labari, kamar yadda muka yi wa tatsuniyoyin Girka kwanaki.

Malamar Tarihi:
Ɗan Delhi, ka fara da wanda ya fi kowa hayaniya, shi ya sa ka ruɗe. In ka bi jerin gaba ɗaya za ka ga mashayan ba su da yawa. Abin da ya fi yawa masu sana'a ne.

Zamanin dai tsakanin ƙarni na 8 ne da na 12, lokacin da sarakunan Pala ke mulkin Bengal da Bihar. Su ne ke ciyar da manyan makarantun Buddha, Nalanda da Vikramashila da Somapura, masu dubban ɗalibai da gonaki da ɗakunan littattafai. Ilimi ya koma na masu Sanskrit, na 'ya'yan manya. A gefen wannan ne hanyar ibada ta asiri da ake kira tantra ta bunƙasa, kuma wani mai suna Abhayadatta ya tattara labaran 84 ɗin wajen ƙarni na 11 zuwa na 12. A fassarar harshen Tibet littafin ya iso mana.

To ku ji su waye a ciki. Camaripa baduku ne mai ɗinkin takalma. Tantipa tsohon masaƙi ne da 'ya'yansa suka gaji da shi suka ajiye shi a bukka bayan gida. Akwai maƙeri, akwai maginin tukwane, akwai masunci, maharbi, makiyayi, ɗan caca, ɓarawo. Kusan duk labarin ƙirarsa ɗaya ce: mutum ya gaji da rayuwarsa, wani baƙo mai yawo ya zo bara, ya ce masa ba sai ka bar aikinka ba, aikin naka shi ne darasin. Wanda ya fi burge ni Dhobipa ne, mai wanki. Baƙon ya miƙa masa gawayi ya ce wanke min wannan ya yi fari. Ya ce ai ba ya wankuwa, baƙinsa daga ciki yake. Baƙon ya ce to ashe ka san akwai daudar da ruwa da sabulu ba sa fitarwa, zo in nuna maka wankin ciki. Shekara 12 yana wankinsa a bakin kogi yana wannan tunanin.

Ku tuna a Indiya tsarin haihuwa ya raba mutane hawa-hawa, mai taɓa fata ko gawa ko kayan dauda yana can ƙasa, Brahman, wato ɗan hawan ƙoli, ko inuwarsa ba ya so. A irin wannan ƙasa ka rubuta littafi ka ce baduku ya kai inda shehin makaranta bai kai ba, ai ka taɓo inda yake yi wa manya ƙaiƙayi.

Telan Fagge:
Malama, babu tela a ciki?

Malamar Tarihi:
Akwai, Kantalipa, mai tsintar tsummoki yana haɗawa. Allura ce ta soke shi a yatsa ya faɗi yana kuka, daga nan labarinsa ya fara. Amma naka na gaskiya Thaganapa ne, wanda ba ya iya buɗe baki bai yi ƙarya ba. Malaminsa bai ce ya daina ba, ya ce tunda ka san ƙarya ciki da waje, ka zauna ka dubi duk abin da ido ke gani a matsayin ƙarya.

Telan Fagge:
Allah ya isa, Malama. Ɗinkin sallarki sai bayan sallah.

Maman Ilham:
Ni maganar hawa-hawan nan ce ta tsaya min. Kada mu yi ta nuna Indiya da yatsa. Ba mu kai su ba, na yarda, muna cin abinci kwano ɗaya muna sahu ɗaya a masallaci. Amma a danginmu an taɓa fasa aure saura sati uku don an gano kakan yaron mahauci ne. Yaron da digirinsa biyu. Wata gwaggona ta ce ko ya yi goma, jinin fawa ne. Har yau in na tuna da kayan lefen da aka mayar a bayan a-kori-kura sai raina ya ɓaci. Haka wanzamai, haka makaɗa.

Ɗan Damagaram:
Hajiya gaskiya kika faɗa, mu ma nan haka ne, maƙera sun fi shan wannan. Amma ku bar ni in koma kan tambayar yaron nan, don an kauce mata. Baduku ya zama malami, wannan ba wanda zai ƙi. Giyar fa? Tattabarun fa? Kuma ni na ji akwai maganar mata a ciki, kada a rufe mu da labarin mai wanki.

Malamar Tarihi:
Ba rufewa, Yallaɓai, akwai. Tilopa, wanda a lissafin 'yan Tibet ya rayu daga 988 zuwa 1069, da rana riɗi yake daka a turmi yana fitar da mai, daga nan ma sunansa ya fito don til shi ne riɗi, da dare kuma yana yi wa wata karuwa hidima yana kawo mata baƙi. Dombipa sarki ne da ya bar gadon sarauta ya tafi daji da 'yar makaɗa, ya dawo a kan damisa da maciji a hannu a matsayin bulala. Saraha Brahman ne masani, ya bi wata mai gyaran kibau da ya gani a kasuwa.

Sai dai ku lura da wanda ake sa wa ƙazantar. Kusan kullum mai girma ne. Luipa ɗan sarki ne da ya gudu daga fada ya zama mabaraci, yana ganin ya gama da duniya. Wata mata a gidan karuwai ta dube shi ta ce saura ɗan girman kai na sarauta kamar ƙwayar wake a zuciyarka, ta zuba masa ruɓaɓɓen abinci a ƙoƙon bararsa. Ya fita ya zubar a kwata. Ta ce ka gani? Sai ya koma bakin kogin Ganga yana cin hanjin kifin da masunta ke zubarwa, shekara 12. Ba a ce wa baduku ya ci hanjin kifi ba, shi rayuwa ta riga ta ƙasƙantar da shi. Ɗan sarki aka ce wa. Ni a karatuna maganin girman kai ne ake bayarwa, kowa daidai cutarsa.

Ɗan Delhi:
Wannan ya yi daidai da na Naropa da dattijon ya ba ni. Shi babban masani ne a Nalanda, mai tsaron ƙofar arewa, wato duk wanda ya zo muhawara ta wannan ƙofa sai ya kayar da shi kafin ya shiga. Yana karatu wata tsohuwa mummuna ta tsaya a kansa ta ce kalmomin ka gane ko ma'anar? Ya ce kalmomin. Ta hau rawa don murna. Da ya ga ta ji daɗi sai ya ƙara da cewa ma'anar ma na gane. Ta fashe da kuka, ta ce babban malami da ƙarya. Ya ajiye muƙaminsa ya tafi neman Tilopa, ya same shi yana gasa kifi. Shekara 12 yana bin sa, an ce manyan jarrabawa 12 ya sha, har da faɗowa daga saman gini. A ƙarshe Tilopa ya cire takalmi ya sharara masa a goshi, wai a nan ya gane.

Malam Mai Allo:
Kun ga inda nake jin tsoro ke nan. Labarin tsohuwar nan yana da kyau, ni kaina na san masu haddar matani da ba su san abin da ke ciki ba, kuma girman kai rawanin tsiya ne a kowane addini. Amma duk ranar da aka koya wa almajiri cewa malaminsa ya wuce doka, in ya sha giya asiri ne, in ya mare shi albarka ce, in ya kira matarsa ɗaki gwaji ne, to an buɗe ƙofar da ba ta rufuwa. Mu ma muna da masu fakewa da ƙissar Annabi Musa da Halliru. Sun manta shi Halliru ya faɗa da bakinsa cewa ba da umarnin kansa ya yi ba. Kuma abin mamaki ba hujja ba ne. Malamanmu sun ce ko ka ga mutum yana tafiya a kan ruwa, ka duba tsayuwarsa kan umarni da hani tukuna, don akwai istidiraji, wato talalar da ake yi wa mai saɓo.

Baban Rifkatu:
Malam, a wajenmu Kirista ma akwai irin wannan layi. Manzo Bulus ya rubuta wa Korintiyawa cewa mu wawaye ne saboda Almasihu, sai wasu suka ɗauki maganar da gaske. Saminu na Emesa a Siriya, a ƙarni na 6, an ce ya shiga gari yana jan mataccen kare a ɗaure a ɗamararsa don yara su yi masa ature kada a girmama shi. Babban cocin nan mai launi-launi na Mosko ma da sunan wani irinsu ake kiransa, Basil, wanda ya yi yawo tsirara cikin sanyin Rasha. Da alama kowace al'umma tana son labarin mahaukacin da ya fi masu hankali.

Ɗan Damagaram:
To ai mu ma ga majazubai. Ina yaro akwai wani tsoho a bakin kasuwarmu, rigarsa ɗaya shekara da shekaru, ba ya karɓar kuɗi sai goro. Rabin gari na cewa mahaukaci, rabi na zuwa neman addu'a da dare kada a gan su.

Malam Mai Allo:
Majzubi daban, Alhaji. Wanda hankalinsa ya tafi an ɗauke masa alƙalami, ba a hukunta shi, ba a kuma koyi da shi. In kwatanci kake nema, Malamatiyya na Naisabur a ƙarni na 3 na Hijira sun fi kusa. Manyansu Hamdun al-Ƙassar, wato mai wankin tufafi, da Abu Hafs al-Haddad, wato maƙeri. Suna zama a kasuwa da kayan 'yan kasuwa, suna ɓoye ibadarsu, sun fi son a zarge su da a yabe su. Amma ɓoye alheri suka yi, ba su halatta haram ba. Nan muka rabu da mai giyar Ɗan Delhi.

Malamar Tarihi:
Malam, ka ga mai wanki da maƙeri sun sake fitowa, ba tare da wani ya kwaikwayi wani ba.

Kuma tsoron da kake ji, su kansu mabiya Buddha sun riga ka jin sa da shekara dubu. A ƙarshen ƙarni na 10 wani sarkin yammacin Tibet, Yeshe-O, ya fitar da takarda yana tsawatar wa malaman ƙauye da suka ɗauki kalmomin tantra a zahirinsu suna yanka dabbobi suna lalata da sunan ibada. Gidansa ne ya gayyato babban malami Atisha daga Vikramashila, ya iso a 1042, ya kuma rubuta ƙarara cewa ɗan zuhudun da ya yi alkawarin kame kai ba shi ba ayyukan da suka haɗa da mace. Akwai kuma masu cewa yawancin maganar zaurance ce. Waƙoƙin siddha ɗin da Haraprasad Shastri ya gano a ɗakin littattafan fadar Nepal a 1907, waɗanda Bengalawa ke ɗauka tushen adabinsu, cike suke da irin haka: a ambaci matar da bukkarta ke bayan gari, masu sharhi su ce ba mace ake nufi ba, wani hali ne na zuciya. Har yau masana na jayayya kan nawa ne zaurance nawa ne aiki.

Maganar tafiya a kan ruwa ma tana cikin littafin. Kanhapa ya samu baiwa, laima bakwai na shawagi a kansa, ganguna bakwai na kaɗa kansu. Ya hau teku zai tafi tsibirin Lanka, yana tsakiya ya ce a ransa ko malamina bai iya wannan ba. Nan take ya nutse.

Maman Ilham:
Malama, matan fa? Ko aikinsu kawai su tsaya a hanya su gyara wa maza tunani?

Malamar Tarihi:
Huɗu ne kacal cikin 84, Hajiya, duk da cewa in kin cire matan da suka farkar da mazan rabin labaran sun rushe. Matar Saraha ta ishe ki misali. Ya ce ta dafa masa miyar muli, wani farin tushe mai kama da karas, kafin ta sauke ya nutse cikin tunani, shekara 12 bai motsa ba. Yana buɗe ido ya ce ina miyata? Ya kuma ce zai hau dutse ya kaɗaita. Ta ce wanda shekara 12 ba ta cire masa miya daga rai ba, me dutse zai yi masa?

Cikin huɗun akwai Lakshminkara, gimbiyar Oddiyana, wadda da yawa ke cewa kwarin Swat ne a Pakistan. An kai ta gidan miji ta ga angon ya dawo daga farauta da namun daji jina-jina. Ta rabar da kayan aurenta, ta shafe jikinta da mai da gawayi, ta yi haukan ƙarya, ta koma inda ake ƙona gawa shekara 7. Mai share masai a fada ne ya riƙa yi mata hidima. Da surukinta sarki ya zo neman ilimi sai ta tura shi wajen mai sharar, dole ya ɗora shi kan karaga ya durƙusa masa. Sai Manibhadra, matar aure mai 'ya'ya biyu, ba wanda ya san tana wani abu. Ta ɗebo ruwa daga rafi ta yi tuntuɓe da saiwa, tulun ya fashe. Ta zauna tana kallon ɓaraguzan har yamma.

Maman Ilham:
Tabarmar kunya da hauka akan naɗe ta. Gimbiyar nan dai auren dole ta guje wa, ko me za su kira shi. Mai tulun kuwa na fahimce ta sarai, ni flas ɗin shayi ne ya fashe min ina da baƙi a falo.

Baban Rifkatu:
Amma fa abin da Malam ya faɗa ya faru a zamaninmu. Chogyam Trungpa, wanda ya yaɗa wannan koyarwa a Amurka da sunan hikimar hauka, shan giyarsa ba ɓoyayye ba ne, ya mutu a 1987 yana da shekara 48. A 2017 kuma ɗalibai takwas na wani malamin Tibet, Sogyal Rinpoche, suka rubuta wasiƙa suna zarginsa da duka da lalata da almajirai, ya sauka daga shugabancin ƙungiyarsa, binciken lauyoyi a 2018 ya gaskata da yawa daga ciki. Labarin takalmin Tilopa na cikin abin da ake faɗa wa wanda aka daka don ya yi shiru.

Ɗan Delhi:
Baba, wannan ya sa na koma na sake duba abin da na rubuta a sama. Ashe labarin ya sa sharaɗi ni ne ban lura ba. Virupa ya ci tattabarun, amma ya tashe su. Naropa ya faɗo ya karairaye, Tilopa ya shafa shi ya miƙe. Kamar ana cewa in ba ka iya na biyun ba, kada ka taɓa na farkon.

Malam Mai Allo:
To wannan sharaɗin na yarda da shi, don na san ba mai cika shi. Duk malamin da ya ci tattabarar mutane ya tashe ta mu gani, in ya kasa ya biya kuɗinta a gaban alƙali.

Ɗan Damagaram:
Ni har yanzu ban gamsu da na giyar ba. Tattabaru sun tashi, to. Manoman da rana ta ƙona wa shuka kwana uku fa, wa ya biya su? Malama ba ki amsa wannan ba.

Malamar Tarihi:
Ban amsa ba don labarin bai damu da su ba, Yallaɓai. Mai giya kaɗai aka biya.

Baban Khalifa (admin):
Za mu rufe bayan la'asar. Ɗan Delhi, in ka koma unguwar ka ɗauko mana hoton zanen, amma ka nemi izinin mai shagon tukuna.

Telan Fagge:
Ka kuma tambayar min shi da wane yatsa aka nuna ranar. Na yi wa wani Alhaji alkawarin babbar riga kafin magariba, ga shi zaune a kan benci yana kallona, ko wuya ban yanka ba.